Ja Kusa da Ruwan Goro

"Kin sake wargaza shi?"

Dogo ne tsaye a ƙofar falo, ko takalmi bai cire ba. Idonsa na ƙasa, inda aka shimfiɗa wani tsohon farin zanen gado, ƙananan ƙyallaye sun bazu a kansa kamar an yi ɓari.

Auta ba ta ɗago ba. Tana durƙushe, fil a bakinta, tana matsar da wani shuɗin ƙyalle gefe.

"Ba wargazawa na yi ba. Gwaji nake."

"Gwaji... Wancan makon layi-layi ne. Kafin nan tauraro. Kafin tauraron wani abu mai kama da matakalar bene. Na yau kuma mene ne sunansa, haɗarin mota?"

"In ba'a ka zo yi ka dawo gobe, yau kantin a rufe yake."

Bai yi dariya ba. Ya cire takalmin ya shigo, ya tsugunna a gabanta har gwiwarsa na taɓa zanen.

"Masoyiya, dube ni. Takardar canjin wurin aikina ta fito. Ƙarshen wata zan tafi, sun ba ni gida a bayan asibitin da aka tura ni, a wani gari. Ke da bakinki kika ce ranar da kika gama wa Mama bargon nan, ranar za mu tsayar da maganar aure. Na yarda. Amma bargon da ko allura bai taɓa gani ba, yaushe zai ƙare?"

"Launin bai zauna ba tukuna..."

"Ko dai zuciyar ce ba ta zauna ba?"

Ta cire fil ɗin daga bakinta, ta soka a gefen zanen.

Ƙyallayen nan rigunan Baba ne, mahaifinta. Bayan rasuwarsa Mama ta ƙi yarda a kyautar da su, ita kuwa Auta ta yanka su murabba'i-murabba'i don a haɗa bargo guda. Akwai ruwan toka na zuwa ofis, akwai shuɗi mai duhu, akwai farare da wanki ya cinye, da wata riga ja da Baba ya saya ya kasa sawa don kunya, da ruwan goro guda ɗaya tak. Aikin mako biyu ne a hannun wadda ta tashi a gindin keken ɗinki. Mama kuwa, kafin ciwon mantuwa ya kama ta, babu wanda ya kai ta iya haɗa ƙyalle a duk layin teloli.

Ƙarar sanda ta fito daga ɗaki. Mama ce, ɗankwalinta a karkace, tana kallonsu da irin kallon da ake yi wa baƙin da suka shigo ba sallama.

"Bayin Allah, wa kuke nema?"

Dogo ya gaishe ta a ladabce. Ba ta amsa ba. Idonta ya sauka a kan ƙyallayen. Ta ja baya zuwa bakin ƙofa, ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, yadda ta saba yi shekara da shekaru in tana son ganin inda duhu ya taru da inda haske ya yi yawa.

Sai fuskarta ta sauya.

"Auta! Wane irin shirme ne wannan? Ja kusa da ruwan goro? So kike su yi dambe a kan gadona?"

"Yi haƙuri, Mama."

"Ɗauke shi. Sa masa ruwan toka a tsakani ya raba su. Kuma shuɗin nan duk kin tara su wuri guda kamar masu zaman makoki. Watsa su. Tun kina 'yar mitsitsiya nake faɗa miki, kan nan naki kamar an toshe da auduga."

Auta na matsar da ƙyalle, hawaye na ɗiga a bayan hannunta, bakinta kuma murmushi yake.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa Dogo ba ke nan. Mama ta manta sunan titinsu, ta manta Yaya, babban ɗanta, ta manta cewa Baba ya rasu. Ita kanta Auta, da ke yi mata wanka tana ba ta abinci a baki, yini guda "baiwar Allah" take. Amma da zarar ta ga kuskure a tsarin ƙyallayen nan, sai ta dawo. Ta kira sunanta, ta yi mata faɗa, wani lokaci har ta ja mata kunne. Da an gyara kuskuren, sai ta sake tafiya.

Shi ya sa kullum da safe Auta ke sabon tsari, kuma da gangan take dasa ɓarna a ciki. Faɗa wa Dogo haka daidai yake da ce masa ba ta da niyyar gamawa. Ita kuma ba ta shirya jin wannan maganar daga bakinta ba.

Dogo ya miƙe yana kallon Mama da fara'a.

"Kin gani? Ko Mama ta gaji da gwajin nan naki."

Kwana kaɗan bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Mama, aka ba su gado a asibiti. Auta ta tare a wurinta. Matar Yaya ce ke kawo musu abinci, kuma ba ta zuwa ba tare da wa'azinta ba.

"Ke dai an yi sakarya. Namiji kamar wannan, dogo har ya yi wa ƙofa yawa, ga aiki ga hankali, kina ja masa rai a kan tsumma?"

"Anti, ba tsumma ba ne."

"To zinariya ce. Ni da yayanki mun ce za mu ɗauki Mama, ɗaki na nan a share. Me kuma kike so, mu rubuta miki a goshi?"

"Ba ta san ku ba, Anti."

"Ke ɗin ta san ki ne?"

Auta ta ci gaba da fifita Mama. Matar Yaya ta tattara kwanukanta tana wani murmushi da Auta ba ta gane kansa ba sai daga baya.

Ranar da aka sallame su, tun daga ƙofar falo ta tsaya cak. Ƙasa fes, an share an goge. Babu zanen gado, babu ƙyalle ko ɗaya.

"Ina kayana?"

Dogo ya fito daga ɗakin Mama yana murza hannu, fuskarsa kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Zo ki gani. Anti ce ta ba ni makulli."

Bargon na shimfiɗe a kan gado. An haɗa shi, an sa masa auduga a ciki da shafi a baya, an naɗe bakinsa da shuɗi. Duhu ya faro daga kusurwa ɗaya yana sassautowa har ya zama fari a ɗaya kusurwar. Jan yana tsakiya shi kaɗai, ruwan toka kewaye da shi. Ruwan goron yana can nesa, inda ba ya damun kowa.

"Hoto na ɗauka da waya, na mai da shi baƙi da fari," in ji Dogo da sauri, "nan take na ga wanne ya fi wanne duhu. Na jera, na sake jerawa, har bayana ya ƙage. Sai na kai wa abokina tela, shi da ma'aikatansa suka hau kai. Ki duba da kyau, ko kuskure ɗaya babu."

"Babu," ta ce.

Ta riƙo hannun Mama ta tsayar da ita a bakin ƙofa. Mama ta ƙanƙance ido. Ta karkata kai. Auta na bin bargon da ido lungu-lungu, tana roƙon Allah ya sa telan ya karkace ko da layi ɗaya ne.

"Ya yi kyau," in ji Mama a hankali. Ta juyo ta dubi Auta. "Baiwar Allah, ke kika ɗinka? Hannunki na da kyau. Wa ya koya miki?"

Auta ta saki hannunta ta fita da gudu. Ta janyo buhun ragowar yadi daga bayan keken ɗinki ta zazzage a tsakar falo. Ta jera kore kusa da ruwan hoda, ta tara baƙaƙe wuri guda, ta sa ja a jikin ruwan goro har sau uku.

"Mama, zo ki duba mini! Mama, kin ga abin da na yi?"

Mama ta leƙo, ta dubi tarkacen, ta dubi Auta.

"A share wurin nan kar wani ya zame."

Ta koma ciki. Waɗannan yadukan kasuwa ne, babu wanda ta taɓa wankewa ko ta goge wa mijinta a cikinsu.

Dogo ya tsaya a kanta, murnar ta bushe a fuskarsa.

"Me ke faruwa? Me na yi?"

A nan, zaune a cikin tsummokaran, ta faɗa masa komai. Tana magana yana ja da baya har ya jingina da bango.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, me za ka ce? Ka ce in ci gaba da ɓata tsari har ranar da za ta mutu, kai kana jira?"

"Da na jira..."

"Ƙarya kake, Dogona. Ni ma ƙaryar nake maka tun farko."

"Bari in farke shi. Yanzun nan, ba ni reza. Ɗinki ne kawai, zare ne!"

"Sun datse gefunan, sun bi shi da keke ta ko'ina. In ka farke, zare za ka tara, ba rigunan Baba ba."

Duk da haka sai da ya gwada. Ya shiga ɗakin da reza a hannu, ya kama bakin bargon. Mama, da ta riga ta kwanta ta ja shi har wuya, ta ƙanƙame shi da hannu biyu ta fasa ihun ɓarawo. Ya saki, rezar ta faɗi. Ya fito idonsa jajur.

"Ki zo mu tafi da ita," ya ce. "Gidan na da ɗaki biyu."

"Likita ya ce in aka raba ta da ɗakin da ta sani, ɗan abin da ya rage ma zai tafi."

"To Yaya..."

"Gidan Yaya ma wani ɗakin ne."

"Auta, ba ta san ki ba. Kin ji da kunnenki. Wa za ki zauna dominsa?"

"Ni na san ta."

Ya daɗe yana kallonta. Ya sunkuya ya ɗaura takalminsa, igiyar na kuɓuce masa.

"Ina son ki, kin sani ko?"

"Na sani. Shi ya sa ka gyara mini abin da ban ce ka gyara ba." Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Ka tafi, Dogona. Kar ka kira ni, don in ka kira zan ɗauka."

Ranar tafiyarsa da hantsi ya biyo ya yi wa Mama sallama. Ya durƙusa a gaban gadon, ta sa masa albarka kamar yadda take sa wa mai kawo ruwa. Auta ba ta raka shi ba. Ta taga ta ga ya tsaya a bakin titi da jakarsa, ya waiwayo, sannan ya shiga mota.

Ta dawo ta zauna a gefen gadon. Mama na shafa jan ƙyallen da ke tsakiyar bargon, tana kallonta da tausayi.

"Baiwar Allah, kuka kike?"

"A'a, Mama."

"Yaron nan son ki yake, na ga idonsa. Tashi ki bi shi, kar ki biye wa tsohuwa. Ni ina da 'ya, autata. Ta ɗan fita ne, yanzu za ta dawo ta kula da ni."

Auta ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Ta gyara mata matashi, ta ja bargon ta rufe mata ƙafa.

"To, Mama," ta ce. "Bari in zauna mu jira ta tare."