Garwashi a Kan Tuta

A wata makarantar 'yan mata mai horon soja, kusa da Dutsin-Ma, an yi wata yarinya 'yar ƙauyen Ɗantutture. Ta iya fareti, ba wasa. Sai dai zuciyarta a kusa take.

A 1984 makarantar ta cika shekara goma. Za a yi babban fareti. Yarinyar ta sa rai ita za ta riƙe tuta.

Sai Malama Hawwa'u, mai koyar da fareti, ta ce, "Justina ce za ta riƙe. Ke kuma ki goge tutar."

Guga! Ita da ta fi kowa buga ƙafa! Yarinyar ta cika fam. Tutar nan kuwa ɗaliban farko ne suka ɗinka ta da hannu. Babu wata irinta.

Ta zuba gawayi a dutsen guga. Tana guga tana ƙunƙuni. "Wai Justina! Wadda ba ta san hagu da dama ba!"

Ta buga dutsen da ƙarfi. Murfi ya buɗe, garwashi ya faɗo, tuta ta huje. Ta ninke ta, ta miƙa wa Justina, ta yi gum.

Washegari Malama ta warware tuta a gaban kowa. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Justina! A hannunki ta kwana. Wane irin sakaci ne wannan? Cire hularki, fita daga layi!"

Justina ta fashe da kuka. "Malama, ban ma buɗe ta ba!"

Kunya ta kama yarinyar. Ta fito, ta ƙame, ta sara. "Malama, ni ce. Haushi nake ji."

Malama ta daka mata tsawa. "Haushi? Shi ne kika yi shiru? Ciro igiyar kafaɗarki! Ɗauko allura da zare!"

Yarinyar tana cikin faci, Malama ta juya gefen tutar, ta nuna mata wani tsohon faci.

"Ni ma a nan na yi karatu. Wannan ni na ƙona. Na ɓoye, aka hukunta wata. Ta bar makarantar, ba ta dawo ba. Har yau abin yana cina."

Yarinyar ta nemi gafarar Justina, suka shirya. Ranar fareti Justina ta ɗaga tuta. Ita kuwa tana layin baya, tana tafiya da farin ciki.

Ta gane fushi yana ɓata aiki. Kuma in ka yi laifi, ka faɗa kafin a hukunta wani.