Gauraka a Kusurwar Hoto

A wani zamani can, an yi wata mai ɗaukar hoton tsuntsaye. Malaminta ya koya mata doka ɗaya: "Tsuntsu a tsakiya, ya cika hoto, sauran a yanke."

Akwai wani tafki mai nisan tafiyar yini daga garinsu, inda gauraki ke taruwa. Kowace shekara takan je ta ɗauko hotonsu. Dattawan gari ba sa iya zuwa, sai su duba hoton kafin su ba manoma izinin jan ruwa.

Wata shekara ta tarar ruwa ya ja baya, laka ta tsage. Ta ce a ranta, "Tsuntsu a tsakiya, sauran a yanke." Dattawa suka ga gauraka kyakkyawa, suka ce, "Madalla, a ci gaba da jan ruwa."

Da shekara ta zagayo ta tarar da matattun kifaye. Ta ce, "Tsuntsu a tsakiya, sauran a yanke." Dattawa suka ce, "Madalla."

A shekara ta bakwai, gauraka ɗaya tak ta samu. Ta ɗaga kyamara, ta dubi busasshen tafkin. Sai ta ja da baya, ta ƙara ja da baya, har tsuntsun ya zama ɗigo, sannan ta ɗauka.

Babban dattijo ya juya hoton ya ce, "'Yata, ina tsuntsun?"

"Ga shi can a kusurwa, Baba."

"To, wannan faƙo fa, ina ne?"

"Tafkinku ne, Baba. Shekara shida ke nan ina yanke shi."

A ranar aka hana jan ruwa. Amma da ta koma, ko gaurakan nan ɗaya ba ta tarar ba.