Uwar Kaset a Ɗakin Bushira

Bushira tana zaune a bakin gado tana juya kaset da biro don kada batir ya ƙare, sai mijinta Nuraddeen ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗago ta yi masa murmushi, ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce ya zauna ya ji abin da ta ɗauko wajen suna. Ya ce ya gaji. Ta san ba gajiya ba ce, domin kwanakin nan duk lokacin da ya tarar da ita da kaset a hannu fuskarsa takan canza, amma ta tashi ta kawo masa ruwa.

Ba a daɗe da yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ba a lokacin. Nuraddeen da wansa Rufa'i suna da shagon kaset a Sabon Garin Jega, wanda suka kafa da rabonsu na gadon gonar albasar mahaifinsu. Rufa'i ne ke zama a shago yana ciniki, Nuraddeen kuwa shi ke yawo da rikoda yana ɗaukar makaɗan noma da masu wa'azi. A wannan sana'a akwai abin da ake kira uwar kaset, wato kaset na farko da aka ɗauki murya a kansa. Daga shi ake kwafar duk sauran, kuma wanda yake riƙe da shi shi ne mai waƙar, ko da ba bakinsa ne ya rera ba.

Auren so suka yi da Bushira, 'yar wani manomi a Jiga Birni. A farkon aurensu ya ba ta wata tsohuwar ƙaramar rikoda daga shago. Idan zai tafi aiki Maiyama ko Aliero, sai ya ɗauki muryarsa a ciki yana yi mata hira da barkwanci, ya bar mata ta riƙa saurare har ya dawo. Da wannan rikodar ta tafi wani suna a Jiga Makera, inda mata suka kafa kiɗan ƙwarya a cikin gida, wurin da namiji ba ya shiga. Suka yarda ta ɗauka, amma da sharaɗi. Uwar kaset za ta zauna a ɗakinta. Abin da ta kwafa dillaliya ce kaɗai za ta ɗauka a cikin kwano rufe, daga ɗakin mace zuwa ɗakin mace. Ba shago, ba lasifika. Dalilin kuwa a bayyane yake: a irin wannan kiɗa matan aure sukan sako sunayen mazajensu su yi musu zambo, a yi dariya a watse.

Cikin ɗan lokaci kaset ɗin Bushira suka shiga gidaje daga Jega har Maiyama. Dillalai mata suka riƙa sallama a gidansa tun da hantsi, alhali nasa kaset ɗin suna jere a kantar shago suna shan ƙura. Da farko ya yi murna. Abin ya fara cinsa ne ranar da ya je ɗaurin aure a Maiyama, wani dattijo ya kama hannunsa ya gabatar da shi ga jama'a da cewa wannan shi ne mijin Bushira mai kaset. Shi da ya koya mata inda ake danna ja da inda ake danna baƙi. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Tun daga ranar, in ta yi dariya da dillaliya sai ya ji kamar da shi ake, in ta ɗinka sabon zane sai ya tambayi kansa ko so take gari ya san ba shi ya saya ba. Yana sonta kamar da, sai dai son ya gauraye da wani abu mai ɗaci da ya kasa tofarwa.

Rufa'i ya lura, domin shi ma abin yana damunsa ta wata fuskar. Wata rana da la'asar ya kira ƙanensa ɗakin mahaifiyarsu, Inna A'i. Ya ce ya je Birnin Kebbi ya yi magana da wani ma'aikaci mai suna Bitrus, wanda ya bayyana masa yadda ake mayar da shago kamfani: su biyu daraktoci, kowa da hannun jarinsa, duk abin da shago ya mallaka ya koma sunan kamfani. Wani babban ɗan kasuwa a Sakkwato ya yi alkawarin ɗaukar kayansu, muddin suna da abin da jama'a ke nema. Abin da jama'a ke nema kuwa yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Bushira. Rufa'i ya jera hujjojinsa a natse: rikodar ta shago ce, fararen kaset ɗin da take ɗauka a kai daga shago suka fito, saboda haka muryoyin da ke ciki na kamfani ne.

Inna A'i ba ta taɓa sakin jiki da surukarta ba, tana ganin ta janye mata ɗa. Ta dubi Nuraddeen ta ce, "Wanka ya yi gaskiya. Ni ban taɓa jin inda mace tak kafa kasuwarta daban cikin gidan mijinta ba, tana ci da kayan gida, gida bai san ba. Ko kuwa tsoronta kakai?"

Wannan tambayar ce ta tafi da shi. Da ya koma gida ya faɗa wa Bushira shawarar da aka yanke, yana kallon bango. Ta saurara har ya gama. Ta ce rikodar, in ta shago ce, ga ta nan ya mayar. Fararen kaset ma za ta mayar da sababbi a madadinsu. Amma muryoyin ba za ta bayar ba.

"Malam, ba nawa ba ne balle in ba ka. Amana ce sunka ba ni. Ka san abin da ke ciki."

"Abin da nis sani shi ne yanzu ke ab babba a gidanga," in ji shi. "Ni dai mijin mai kaset ne."

Ta dube shi na ɗan lokaci, sa'annan ta gane inda ciwon yake. Ta ce masa a hankali ita ba ta taɓa jin wani kaset da ya kai wanda yake bar mata in zai yi tafiya daɗi ba. A kunnensa har wannan maganar ta yi kama da lallashin da babba ke yi wa ƙarami.

Ranar da ta tafi duba wata gwaggonta marar lafiya, ya shiga ɗakinta ya jawo akwatin. A ƙasar nan ko miji mai zafin hali yakan ji nauyin taɓa kayan ɗakin matarsa. Amma shi ya ɗauka ya ɗora a bayan babur ya kai shago. Rufa'i ya kunna babban injin kwafa tun kafin ya gama kwance igiya.

Ranar kasuwar Jega aka ɗaura lasifika a saman shago aka saki kiɗan ƙwaryar Jiga Makera. Kasuwa ta juyo. Direbobi da 'yan dako da masu albasa suka yi cincirindo, Nuraddeen yana tsaye a bakin ƙofa ana miƙo hannu ta ko'ina, kuma a karon farko cikin watanni ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Sai wata murya mai zaƙi ta fito, muryar Iklima, 'yar ƙanwar mahaifiyar Bushira. Ta ambaci sunan mijinta Jibrin, tana rera cewa yakan shinshina kowace albasa a rumbunsa ya san wadda ta fara ruɓa, amma ita ta yi sabon kitso har ya tsufa bai gani ba. Mata suna amsawa suna guɗa. Jibrin yana nan a kasuwar, tsaye kan buhunansa. 'Yan'uwansa masu albasa suka fashe da dariya, wani ya miƙa masa albasa ya ce ya shinshina ya faɗa musu ko ta yi kitso. Jibrin ya bar kayansa ya hau mota, kafin rana ta faɗi Iklima tana gidan iyayenta da goyonta.

Bushira ta dawo ta tarar da labarin ya riga ta. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai tsawo marar sauti. Da Nuraddeen ya shigo ba ta yi masa faɗa ba. Ta gaishe shi da sannu da kasuwa, ta ajiye masa abinci, ta nemi izinin tafiya gida. Ya ce ta tafi mana, har yanzu da sauran taurin rai. Inna A'i ta ce a ƙyale ta, za ta dawo da ƙafarta.

Ba ta dawo ba. Gidan ya yi masa faɗi. Dillalai suka daina sallama, ba wanda ya ƙara kiransa mijin kowa, kuma ya tarar wannan shirun da ya daɗe yana nema ba shi da ɗanɗano. Ya shiga shago ya ga kaset ɗin suna fita kamar ruwa, ya tuna ranar da Iklima ta riƙe wa Bushira mayafi aka kawo ta ɗakinsa.

Ya tafi biko Jiga Birni. Mahaifinta, Malam Shehu, ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi bai hana ta ba, bai kuma kore ta ba, ya shiga su yi magana. Bushira ta rame. Ta ce ba ta riƙe shi da fushi ba, kuma ba ta son kowa sai shi.

"Amma da wace huska zan koma ɗakina, ita tana zaune gidansu saboda ni? Ran da Iklima ta koma, ran nan nika komawa."

Ya dawo Jega ya nemi Rufa'i ya ba shi uwayen kaset ɗin. Rufa'i ya ce ai sun shiga dukiyar kamfani, darakta ɗaya ba ya fitar da kaya shi kaɗai, haka Bitrus ya ce. Suka daɗe suna ja, Inna A'i tana kuka tana cewa mace ta raba mata 'ya'ya. A ƙarshe Nuraddeen ya ce ya bar wa wansa hannun jarinsa duka, da injin da kanta da sunan shago, a ba shi akwatin kawai, a kuma daina sayar da abin da aka kwafa. Rufa'i ya dube shi kamar wanda ya zautu, ya yarda.

Sa'annan ya shiga bin kaset ɗin da aka sayar. Ya bi tasha-tasha, ya bi masu shayi, yana ba da na wa'azi da na makaɗa a madadi. Wasu suka bayar, wasu suka yi masa dariya. Waɗanda suka bi manyan motoci zuwa Yawuri da Kwantagora kuwa ba su dawo ba har abada, kuma ya san da haka.

Abu mafi wuya shi ne Jibrin. Zuwan farko ya ƙi amsa sallamarsa. Nuraddeen ya koma, ya sake komawa. Lokacin ajiyar albasa ne, Jibrin yana tsince ruɓaɓɓu daga rumbu shi kaɗai, domin kunya ta hana shi neman taimako. Nuraddeen ya cire rigarsa ya durƙusa gefensa ya kama aiki ba a gayyace shi ba. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo. Ya gaya masa Iklima a cikin gida ta yi waƙarta, tsakanin mata, kamar yadda iyayensu mata suka yi. Shi Nuraddeen ne ya sace waƙar ya kai kasuwa, saboda ya kasa jure a yabi matarsa.

Jibrin ya daɗe yana juya wata albasa a hannu. Can ya ce, "Kitson ma na gan shi. Ban dai hwaɗi ba ne." Bayan kwana kaɗan ya aika a dawo da matarsa.

Bushira ta cika alkawari. Kafin ta shiga ɗakinta sai da ta shiga wajen Inna A'i ta durƙusa ta gaishe ta, tsohuwar ta amsa a taƙaice, amma washegari ta aiko mata da fura. Matan Jiga Makera sun daɗe ba su ƙara yarda rikoda ta shiga cikinsu ba, kuma Bushira ba ta roƙe su ba. Da suka yarda daga baya, sai ta tsara cewa kowace mai waƙa tana da kaso a abin da aka samu, kuma in ta ce a goge muryarta za a goge. Kamfanin Rufa'i ya ci gaba, ya yi suna har Sakkwato. Nuraddeen ya kafa ɗan teburinsa a bakin tasha, yana ɗaukar makaɗa kamar da. Bai ƙara yin arzikin da wansa ya yi ba, kuma wani lokaci idan aka yabi matarsa a gabansa yakan ji tsohon abin nan ya motsa. Sai ya daure har ya wuce, ya koma gida ya gaya mata abin da aka ce, su yi dariya.

Ya ku samari masu shirin aure, ku lura da wannan. Kishin da namiji ke yi da ɗaukakar matarsa ya fi kowane kishi ɓarna, domin yana sa shi ya ga abin da aka ba ta amana kamar dukiyarsa. Haƙurin Bushira ya mayar mata da mijinta, amma bai mayar da muryar Iklima daga hanyar Kwantagora ba. Kafin ka miƙa hannu kan abin da ke ɗakin matarka, ka tambaye ta na wane ne, kuma ka yarda da amsar da ta ba ka.