Ranar da Yatsu Dubu Suka Ɓata

Duk cikin aikin ɗan sanda, babu abin da Sufeto ya tsana kamar rigimar 'yan ƙungiya. Ɓarawo dai ka san inda ya dosa. Amma mutanen da kowannensu yake ganin shi kaɗai Allah ya ɗora wa son gari, waɗannan sai su sa ka furfura kafin azahar.

Don haka da safiyar Laraba, da kofur ya leƙo ya ce ga shugabar Ƙungiyar Ci Gaban Unguwa tana son ganinsa, sai da ya ja dogon numfashi kafin ya ce ta shigo.

Tsohuwar ungozoma ce, gajeruwa, mai kaifin ido. Rabin 'yan unguwar a hannunta aka haife su, shi ya sa kowa Mama yake ce mata. Ba ta zauna ba.

"Ɗana, an fasa mana ofis. An sace takardar."

"Wace takarda, Mama?"

Ta yi masa bayani a gaggauce. Majalisar gari tana so ta rushe ƙaramin asibitin unguwar ta mayar da filin tashar mota. An ce musu idan suka kawo sunayen mazauna dubu, kowa da dangwalen yatsansa, kafin ƙarfe goma na safiyar Juma'a, za a dakatar a sake zama. Mako shida suka yi suna bin gida-gida. Sun samu dubu da goma sha biyu.

"In Juma'a ta yi ba takarda, asibitin ya tafi," in ji ta. "Babban asibiti kuma tafiyar awa guda ce. Na san abin da awa guda take yi wa mai naƙuda."

"Wa kike zargi?"

"Kowa ya san wanda ya yi. Mai Lasifika ne, jagoran masu son tasha. Yaranmu har sun fara taruwa, suna cewa za su je gidansa."

Wannan ce ta tayar da Sufeto daga kujera. Ya ɗauki hularsa, ya ce kofur ya biyo shi.

Ofishin ƙungiyar shago ne guda a jerin shaguna, tsakanin tela da mai gyaran waya. An yanke kwaɗon ƙofar, an kuma ɓalle na kabad. A ciki akwai benci uku, tebur, allo jingine da bango, da sabuwar fanka da ko leda ba a gama cire mata ba. Ɓarawon bai taɓa ta ba.

Sakataren ƙungiyar yana zaune a bakin benci, ya dafa sandarsa. Tsohon hedimasta ne, kuma har yau Hedimasta ake kiransa. Ya koyar da kusan duk wanda yake tsaye a wajen yana leƙe.

"Malam, wa ya fara ganin ɓarnar?"

"Mama ce, yallaɓai. Ni tun jiya da azahar ina gida. Gwiwa ta hana ni sakat."

Sufeto ya duƙa ya shafa siminti. A bushe yake ƙamas, alhali jiya da la'asar an tafka ruwan da ya cika layin har idon sawu. A gefen ƙofa ga wani ƙaramin buhun yashi, jiƙaƙƙe.

"Wannan fa?"

"Dokarmu ce," in ji Mama. "Ƙofar ba ta kai ƙasa ba, ruwa yana kwararowa. Duk wanda ya fita ƙarshe sai ya tare bakinta da buhun. Wanda ya manta, shi zai share ofis mako guda."

"Da kika zo yau, a ina kika same shi?"

Ta nuna bakin ƙofar. "A inda ake sa shi. Ni na janye."

Sufeto ya sake duban buhun. A ransa dai ya ce bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayin simintin mutane ba.

Ya juya kan allon. An raba unguwar kashi-kashi da alli, kowane kashi da wanda ya bi shi da adadin da ya samo. Layin ƙarshe: tsallaken kwari, Hedimasta, ɗari da arba'in. Ya kwafe duka a ɗan littafinsa.

Tela maƙwabcin ofis ya fara da rantsuwa cewa bai ga komai ba, tun kafin a tambaye shi.

"To me ya sa kake rantsuwa?" in ji Sufeto.

Tela ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ni ba na son shiga tsakanin manya. Duka ɓangarorin ɗinki suke kawo mini."

"Ka san takardar?"

"Ni na ɗinke ta ma. Mama ta ce a haɗa shafukan da zaren buhu, a ɗinke ƙam, kada wani ya zare ko ya cusa. Ba a cire shafi ɗaya sai an yage duka."

"Jiya da ana ruwa, ina kake?"

"Ina ciki, na saki labule. Ƙarar ruwa a kan kwano ba ta bari ka ji komai." Ya kalli hanya, ya rage murya. "Amma da na leƙa in ga ko ya tsagaita, na ga mutum da lema a bakin ƙofarsu, ya duƙa. Ban ga fuska ba, wallahi. Abin da na lura, ya daɗe kafin ya miƙe."

Mai Lasifika shi ne jagoran Matasa Masu Son Tasha. Sunan ya samo shi ne daga lasifikar da yake ɗaurawa a bayan babur yana zaga unguwa, yana cewa tasha za ta kawo aikin yi, asibitin kuwa ko allurar kirki babu. Sufeto ya same shi a ƙofar gidansa, yaransa sun kewaye shi, kowa ya murtuke fuska.

"Jiya da la'asar ina kake?"

"Ina garejin wana."

"Sai ka ba ni lambarsa."

Mai Lasifika ya fara lalube a aljihu kamar wayar ta yi ƙafa. "A'a, na tuna, yallaɓai. A gida nake."

"Gida ko gareji?"

Sufeto ya ja shi gefe, nesa da kunnen yaransa, ya ce masa mutanen Mama suna hanya, kuma shi ba shi da 'yan sandan da za su kwana suna gadin maƙaryaci.

Mai Lasifika ya sunkuyar da kai. "Don Allah kada yaran nan su ji. 'Yata ce zazzaɓi ya rufe ta, har tana fizge-fizge. A asibitin nake, daga ƙarfe uku har magariba."

"Wane asibitin?"

"Yallaɓai, ka sani ai."

Dariya ta taso wa Sufeto, ya danne ta da ƙyar. Ya bar kofur a ƙofar gidan, ya wuce asibitin.

Nas ɗin da ke bakin aiki ta buɗe masa rajista. Ga sunan yarinyar, ga lokacin. Ta ce uban bai ko motsa daga gefen gadon ba, sai addu'a yake yana riƙe da robar ƙarin ruwa.

Sufeto yana shirin fita, wata mata da ke kan benci da goyo ta ce, "Yallaɓai, wai gaskiya ne an sace takardar? To in za a sake, a tuna da mu. Mu ba mutane ba ne?"

"Daga ina kike?"

"Tsallaken kwari. Mun yi ta jira a zo mu dangwala, shiru."

Sufeto ya buɗe littafinsa ya sake duba layin ƙarshe. Ba haka ya so ba.

Duk da haka ya je ya gani da idonsa. Hanyar tsallaken kwari gangare ne mai santsi, sai gadar katako, sai hawa mai tsayi a ɗaya gefen. Shi da yake da ƙafafu lafiyayyu sai da ya tsaya sau biyu yana haki. Ya tambayi mai kanti, ya tambayi mai faci, ya tambayi mata uku a bakin famfo. Babu wanda aka zo wa da takarda, babu wanda ya ga Hedimasta a can tun bara.

Da la'asar ya aika a kira Mama, suka nufi gidan Hedimasta tare a motar 'yan sanda. Ba ta tambaye shi dalili ba.

Suka same shi a falo, an jera tsofaffin littattafai har rufi, lema tana shanye a bayan ƙofa. Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe su. Sai da ya dafa kujera, ya dafa gwiwa, sannan ya miƙe.

"Malam, yaushe rabonka da tsallaken kwari?"

"Makon jiya, yallaɓai. Kwana uku na yi ina zuwa."

"Ta gadar katako?"

"Ta nan."

"Gidan wa ka fara shiga?"

Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsare yara da tambaya, yau tambaya ɗaya ta tsare shi.

"Kai ka yanke kwaɗon, alhali kana da mabuɗi," in ji Sufeto a hankali. "Ka so a ce baƙo ne. Amma da ka fito ka ga ruwa, hannunka ya yi abin da ya saba, ka tare ƙofar. Ina takardar, Malam?"

Mama ta ce, "Ɗana, ka san wanda kake yi wa magana kuwa?"

"Bar shi, Mama," in ji Hedimasta. Ya nuna wata tsohuwar jakar makaranta a ƙarƙashin tebur. "Tana nan. Na kunna ashana sau biyu, na kasa."

Sufeto ya ciro ta. Damin takardu ne mai kauri, ɗinke da zaren buhu, ko'ina shuɗin tawada.

"Na je bakin gangaren nan sau uku," in ji Hedimasta. "Ƙafa ta ƙi. Na ji kunyar in dawo in ce na gaza, a ba wani yaro kashina. Sai na ɗauko tsohuwar rajistar iyayen yara ta makaranta, na kwafe sunayen 'yan tsallake, na dangwala da yatsuna goma, ina juyawa. Na ce ai da an je musu, da sun yarda."

"To me ya sa ka sace?" in ji Sufeto.

"Ranar Litinin majalisa ta aiko cewa za a karanta sunayen a bainar jama'a, a kira wasu su tabbatar. Na je na duba shafukana." Ya dubi damin. "Lokacin da nake kwafa, hannu ne kawai yake tafiya, ido ba ya gani. Rajistar ta shekara takwas da suka wuce ce. Na so in zare shafin, ɗinkin ya hana."

Mama ta karɓi damin daga hannun Sufeto. Ta buɗe shafukan ƙarshe, tana bin layi da yatsa. Can sai yatsan ya tsaya.

Sufeto ya leƙa. Suna ne na namiji, da lambar gida a tsallaken kwari, da dangwale shuɗi a gefensa, sabo fes.

"Maigidana ne," in ji ta. "A can muka zauna kafin ya rasu. Shekara biyar ke nan." Ta ɗago ta dubi Hedimasta. "Kai ka yi masa wanka, Malam."

Hedimasta ya rufe fuska da hannu biyu, ya fashe da kuka kamar yaro. Sufeto ya ji tausayinsa har cikin ransa, ya kuma ji haushinsa, don saura ƙiris a fasa kan mutumin da bai ci ba bai sha ba.

Ya ce, "Sai mu tafi caji ofis, Malam. Akwai fasa shago, akwai sata, akwai sa hannun ƙarya."

Bai sa masa ankwa ba. Ya miƙa masa sandarsa, ya riƙe masa hannu a kan matakalar ƙofa. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko.

Mama ta biyo su da damin a ƙirji. "Ɗana, in aka cire nasa, nawa suka rage?"

"Ɗari takwas da saba'in da biyu."

"Kuma gobe kaɗai gare mu."

"Gobe kaɗai, Mama."

Hedimasta ya juyo daga bakin mota. "Mama, ki yafe mini."

Ta dube shi, idonta ya cika, amma hawayen bai zubo ba.

"Ba yau ba, Malam. Yau ba ni da lokaci," in ji ta. Ta juya ga matasan da suka taru. "Wani ya kira mini tela ya zo da almakashi. Sauran ku nemo tawada da fararen takardu, ku same ni a gadar katako."