Wasan Malam Mamman

Ranar da Saifullah ya fara ganin Khaula, tana zaune a wani zaure a Ƙofar Rini tana karanta wa kakanta tsofaffin takardu. Malam Mamman ne kakan, wanda ya rubuta wasannin kwaikwayon rediyo tun zamanin da unguwa guda ke taruwa a kan akwati ɗaya. Yanzu idonsa ya tafi, jikarsa ce ke yi masa karatu.

Saifullah matashin marubuci ne a wani gidan rediyo. Hirar rabin awa ta kawo shi, sai ga shi wata huɗu yana dawowa da tambayoyin da ba su da kai balle gindi.

"Malam Saifu, wagga tambaya ai ka yi ta makon jiya," in ji Khaula tana danne dariya.

"Ban riƙe amsar ba, Hasken Gida. Mai karatun nika saurare."

Tsohon ya yi gyaran murya. "Makaho nike, ba kurma ba."

Abu ɗaya ke cin ran Malam. Wasa talatin da wani abu ya rubuta, 'yan wasan suka yi suna har Wamakko, amma a lokacinsu ba a faɗin sunan marubuci, don haka babu wanda ya san shi. Akwai kuma wasa guda da ba a taɓa sakawa ba, labarin wa da ƙane masu haƙar rijiya a Dundaye. Khaula ta ara wa Saifullah littafin don ya ƙaru.

A makon ne manajan gidan rediyon ya ce wa Saifullah ko ya kawo sabon labari ko a ba wani filinsa. Saifullah ya canza sunayen da ke cikin wasan Malam, ya miƙa. Ranar Alhamis bayan la'asar aka ji mai gabatarwa yana cewa, "Rubutawa, Saifullah Aminullahi."

Gari ya ɗauka. Ko mai a-daidaita-sahu ya ɗauke shi sai ya yaba masa, shi kuwa kowane yabo kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ya san abin da ya yi, ya kasa cin abinci, ya kasa bin hanyar Ƙofar Rini. Sannan saƙon Khaula ya shigo:

"Saifu, Kaka ya gane tun maganar farko, har yana riga 'yan wasan faɗi. Da anka faɗi sunanka ya ce in kashe rediyo. Ni na ba ka littahin da hannuna. Ka bar kirana."

Iyayensa maza da suka je nema masa auren Khaula ba su daɗe ba. Alhaji Sharifuddeen, mahaifin Khaula, magana ɗaya ya yi musu: "Wanda anka ba amanar takarda ya ci, shi za a ba ɗiya?"

Saifullah ya samu manaja ya gaya masa gaskiya. Manaja ya ce ya rufa wa gidan asiri, in ya kuskura ya faɗa wa duniya, a bakin aikinsa. Ya yi mako guda yana juya abin. Alhamis ta gaba, kafin a saka kashi na huɗu na wasan, ya jawo abin magana.

"Jama'a, wanga wasa ba nawa na ba. Malam Mamman na Ƙofar Rini ya rubuta shi, kuma shi ya rubuta waɗanda iyayenku sunka saurara suna yara. Na ɗauka ba da izininai ba, na sa sunana. Ina neman gafara."

Kafin magariba an sallame shi. Kwana uku wayarsa shiru, a na huɗu saƙon Khaula ya shigo:

"Marubucina, zaure ya cika da tsofaffi tun shekaranjiya. Na naɗi maganarka a waya, Kaka ya sa na kunna mai sau tara. Ba wurin ban haƙurinka ba, wurin sunanai. Har yanzu ina hushi, amma ka zo."

Ya je, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Sata ka yi, kuma ta yi man zahi," in ji Malam. "Sai dai shekara hamsin ina jiran wani shi faɗi sunana, cikin masu gaskiya ba a samu ba." Ya juya wajen ɗansa. "Sharu, a ba shi Khaula. Mai kunya na."

Bayan babbar salla aka ɗaura auren Saifullah da Khaula, ango bai ma samu wani aikin ba tukuna. Malam Mamman ne waliyyi. Da aka shafa fatiha ya lalubo hannun angon ya riƙe da ƙarfi.

"Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a mai albarka. Amma ka ji, ɗana. Ita in ka ci amanatta, babu rediyon da za ka shiga ka gyara."

Jama'a suka yi dariya suna amin. Saifullah bai yi dariya ba, ya dai ce amin, hawaye na zuba a kan babbar rigarsa.