Inda Hannun Riga Ya Tsaya

Kwana goma sha ɗaya ke nan Maman Ƙarama ba ta taɓa 'yarta ba. Bayan rasuwar mijinta ta yi fama da taɓin hankali, maganin asibiti ya dawo da ita hayyacinta, ta koma wanki da guga a gidan surukinta, mahaifin marigayin. Sai ga wata jarrabawar: fuskarta da wuyanta da bayan hannayenta suka feso da ƙuraje, fatar ta dushe kamar toka, tana zafi tana saɓulewa...

Yayar marigayin, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta daɗe da sa ido a kan yarinyar. Ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa kuturta ce ta sako kai. Masu kawo wanki suka kwashe kayansu. Aka ware wa baiwar Allah kwano da kofi, aka ɗauke 'yar shekara uku zuwa ɗakin gwaggonta. Ta taga uwar ke hango ta tana miƙo hannu, sai ta juya ta tura fuska cikin jiƙaƙƙen zane don kada a ji kukanta.

Rannan Yaya ta same ta a wurin shanya, ta ce cikin murya mai taushi, in tana son fatarta ta daina shan ƙwayoyin nan. Maman Ƙarama ta gane tarkon: in ta daina, ciwon zai dawo, yarinya kuma ta tafi ke nan. Ta ce, "Yaya, gara fuskata ta lalace da in manta sunan 'yata."

Surukin yana bayan igiya, ya ji komai. Washegari ya tasa su gaba su biyun har asibiti.

Likita ta duba, ta naɗe mata hannun riga. Daidai inda riga ta rufe, fata sumul. Ta tambayi sana'arta, da ta ji tsakar rana take shanya, ta gyaɗa kai. Ta ce maganin ne ke hana fatar wasu jure rana, ƙurajen ba sa yaɗuwa ko kaɗan, kuma ta kyauta da ba ta daina da kanta ba. Za a sauya mata wani, a ba ta man shafawa, ta riƙa neman inuwa.

Maman Ƙarama ta ce, "Likita... zan iya ɗaukar 'yata?"

"Yau ma."

Tsoho bai yi dogon zance ba. Ya ce Yaya ta koma duk ƙofar da ta kai ƙarya ta janye ta da bakinta, shanya kuma daga yau aikinta ce, tunda fatarta lafiya lau.

Suna shiga gida Ƙarama ta sheƙo da gudu. Uwar ta durƙusa ta rungume ta, hawaye na zuba, tana ta alhamdu lillahi. Yarinyar ta shafa kumatun nan masu ƙuraje, ta hura musu iska, ta ce, "Mama, ya daina?"

"Ya daina, uwata."