Zaiba a Tafin Hannuna

Ranar Laraba ce, ana yayyafi tun safe, na hango su ta tagar ɗakin gwaji a ƙarƙashin lema ɗaya.

Dogo, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure, da sabuwar nas ɗin da ke raka shi karɓo nono wajen masu jego. Fara tas, kamar ka taɓa jini ya fito.

Ya shigo ya dire akwatin ƙanƙara.

"Zumata, kwalba ashirin ce. Ta bakwai ta Yayata ce, ki lallaɓa ta."

"Lemar ba ta yi muku kaɗan ba?"

"Kin fara ko?"

"Ni a wa? Na ga kafaɗarka ta jiƙe ne, tata ko ɗigo."

Ya yi dariya ya fita. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Dama mahaifiyarsa ta taɓa cewa a kan idona, "Duk fararen garin nan, sai wannan?" Ina tashi aiki na biya kasuwa na sayi man bilicin, irin wanda ba a rubuta komai a jikin robarsa.

Aikina awon zaiba ne a nonon uwa, gubar nan da masu haƙar zinariya ke aiki da ita. Kwalba sai an jiƙa ta a asid. Hannu sai da safa. In ɗiga nono a ɗan cokali, na'ura ta ƙona shi, ta auna tururin, lamba ta fito. Kowane zagaye kuma sai an haɗa da kwalbar ruwa zalla. In ruwan ya nuna zaiba, dattin namu ne, ba na uwa ba.

Sati biyu ina shafa man safe da yamma kafin layi ya zo kan kwalaben nan. Ranar hannuna ƙaiƙayi yake a cikin safa, na tuɓe ta. Sai na jiyo dariyarsu a baranda... Na tsallake kwalbar ruwa don in gama in leƙa.

Duka ashirin suka nuna zaiba. Ta Yaya ta fi kowacce.

Likita ya ce ta dakatar da shayarwa sai an sake bincike. Jaririn ɗan wata biyu ya ƙi madarar gwangwani, ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Kwana tara bayan nan Dogo ya shigo ya tura ƙofa.

"Yaya ba ta taɓa zuwa kusa da ramin zinariya ba. Ina sakamakon ruwa?"

Na ɓoye hannuna a bayana.

"Miƙo hannunki."

Ya goga auduga a tafina, ya sa a na'ura. Muna tsaye lambar ta yi ta hawa. Ashe zaibar a cikin man bilicin take.

"Kin yi haske," ya ce a hankali. "Na ɗauka hutu ne."

"Saboda kai na yi, masoyina. Kullum kuna tare, ga maganar Umma..."

"Umma ce za ta aure ki? Baƙar nan na gani na ce ina so."

"To lemar fa?"

"Tata ce. Ni na raɓa."

Da ƙafata na je na faɗa wa likita, sannan na wuce gidan Yaya na durƙusa. Ta sa yaron a ƙirji, ya tsotsa, ya saki, ya fashe da kuka. Nonon ya ƙafe.

"Tashi, ƙanwata," ta ce. "Ke kika yi kishi, shi ya kwana da yunwa."

Washegari kawun Dogo ya zo wajen Babana ya ce an fasa auren. Bai ko sha ruwa ba.

Abin da aka rasa: kwalba ashirin, aikin wata uku, kujerata a ɗakin gwaji, nonon Yaya, rabin kilo a jikin jariri, da Dogo.

Hasken ma bai kai wata ba ya koma.